Masa, gurasa da burodi: Yadda tsadar fulawa ke sauya karin kumallo a Bauchi

A unguwar Ɗan Iya, kamar sauran tsofaffin unguwannin birnin Bauchi, wurare biyu ne ke ciyar da jama'a da sassafe: teburin mai shayi da bakin tandar mai masa. Shekaru da dama kowanne na da mutanensa. Ma'aikaci da ɗalibi su nufi shayi da burodi, yara kuma su yi layi da kwano a ƙofar gidan mai suya. A 'yan shekarun nan iyakar ta fara gogewa, domin abin da ake cusawa cikin burodi ya sauya, shi kansa burodin kuma ya samu abokan gasa.

A da, burodin mai shayi bai wuce a shafa masa bota ko a soya masa ƙwai ba. Yanzu mai saye kan tsaga burodin ya jera ƙosai mai zafi a ciki, ko awara da yaji, ko taliyar Indomie da aka soya da albasa. Wanda aljihunsa ke da nauyi ya sa tsire ko dambun nama. Turawa na kiran irin wannan haɗi sanwic, sunan da ya samo asali daga sarautar wani basaraken Ingila na ƙarni na 18, John Montagu. A nan kuwa lissafi ne ya haife shi: ƙwai ya yi tsada, ƙosai da awara suna da sauƙi, suna kuma riƙe ciki har azahar.

Inda matsalar take

Tushen lamarin alkama ce. Fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da Najeriya ke ci daga waje ake shigo da ita, da dala ake biya. Wadda ake nomawa da rani a Kano da Jigawa da gaɓar Tafkin Chadi ba ta kusa isa ba. Saboda haka duk abin da ya girgiza kasuwar duniya sai ya iso teburin mai shayi. Yaƙin Rasha da Yukiren, manyan masu fitar da alkama, ya ɓarke a Fabrairun 2022, a watan Yulin shekarar kuma ƙungiyoyin masu gidajen burodi suka dakatar da aiki na wasu kwanaki saboda tsadar kayan haɗi. A 2023 aka cire tallafin man fetur, darajar naira ta faɗi. Burodi ya ƙara kuɗi, ya kuma rage girma.

Gwamnatoci sun sha neman mafita. A 1987 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta haramta shigo da alkama, amma cikin kimanin shekara shida aka janye dokar, don noman gida bai cike giɓin ba. A zamanin Olusegun Obasanjo aka umarci kamfanonin fulawa su riƙa haɗa kashi 10 cikin 100 na garin rogo. Gwamnatin Goodluck Jonathan, lokacin da Akinwumi Adesina ke ministan noma, ta sake tallata burodin rogo. Har yau bai zama abincin yau da kullum ba.

Wani ɓangare na dalilin yana cikin ƙwayar alkamar. Tana da wani sinadari mai danƙo da ake kira gulutin, wanda ke riƙe iskar da yis ke fitarwa har ƙulli ya kumbura ya tsaya da kansa. Rogo da shinkafa da gero ba su da shi. Idan garinsu ya yi yawa a cikin kwaɓin, burodi ya fito da nauyi, yana marmashewa.

Dabarar tanda

Wannan matsala ce matan Bauchi suka daɗe da kewayewa. Mai masa kan jiƙa shinkafar tuwo, ta kai niƙa, ta haɗa da 'yar dafaffiyar shinkafa da yis, ta bar ƙullin ya tashi. Tun da ba zai iya tsayawa da kansa ba, sai ta zuba shi a gurabun tanda, su ba shi siffa, wuta da mai su ƙarasa aikin. Abin da ke fitowa mai laushi ne a ciki, da ɗan tsami, gefensa a soye. Akwai masu yi da masara ko gero. Mutanen Kano waina suke ce mata, amma ko a Abuja da Kaduna allon da ya ce “Masar Bauchi” ya fi jan masu saye.

An saba cin masa da miyar taushe, ko ƙuli-ƙuli da yaji, ko zuma. Sai dai haɗa ta da tsire ko balangu, wanda a da abin marmari ne na yamma, ya nuna tana iya ɗaukar duk abin da burodi ke ɗauka. Haka 'yar'uwarta sinasir: faɗinta ya sa ana iya naɗe nama da ganye a cikinta kamar shawarma, ba tare da ko cokali ɗaya na fulawa ba.

Gurasa ita ce abokiyar gasa ta biyu. Daga Larabawan da suka zauna a Kano aka gaje ta, har akwai unguwa mai suna Ceɗiyar 'Yan Gurasa a cikin birnin. A jikin tanderu ake gasa ta. Idan aka yayyafa mata ruwa, aka barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da albasa da tumatir, ta zama bandashe. Masu tsire ma kan ɗumama ta a kan wuta su naɗe nama da ita. Amma gurasa ta fulawa ce, don haka duk tsadar da ta sami burodi ba ta ƙyale ta.

Abin da ya rage wa burodi

Ita ma masa tana da nata rauni. Shinkafa da man gyaɗa da itace duk sun yi tsada. Ba ta kuma jure ajiya: da zafinta ake son ta, idan ta kwana sai ta yi tauri. Burodi kuwa yana kwana biyu ko uku, yana shiga jakar matafiyi, shi ne tsarabar da ake saya a tasha. Shi ya sa ba a sa ran ɗaya ya kori ɗaya.

Bambancin yana wajen da kuɗin ke zuwa. Kaso mai tsoka na kuɗin burodi yana ƙarewa ne a ƙasashen da suka noma alkamar. Kuɗin masa kuwa yana zagayawa tsakanin manomin shinkafa da mai injin niƙa da mai itace da matar da ke ciyar da gidanta da tanda. Kusan shekara 40 ke nan ana neman abin da za a zuba cikin fulawa don a rage shigo da alkama, alhali waɗannan mata, da ba su taɓa buƙatar ta ba, da wuya su shiga lissafin masu tsara bashi da tallafi. Ƙaramin jari, murhu mai cin itace kaɗan da rumfa mai tsafta su ne abin da sana'arsu ke jira. Hausawa dai sun ce da tsohuwar zuma ake magani.