"Ai Mace Ce": Abin Da Ruwanda Ta Ƙaryata

Wata magana ta ishe ni. Da zarar rikicin ƙabilanci ya kunno kai, wata ta saki saƙon murya a WhatsApp tana kiran wasu mutane ƙwari ko karnuka, sai ka ji an ce, "Ƙyale ta, ai mace ce, baki ne kawai." Wanda ya san abin da ya faru a Ruwanda a 1994 ba zai furta haka ba.

Kisan ƙare dangi shi ne ƙudurin shafe wata al'umma daga doron ƙasa saboda asalinta ko addininta. A Ruwanda, cikin kwana ɗari aka hallaka kimanin mutum 800,000, galibinsu 'yan ƙabilar Tutsi. Mata sun sha baƙar azaba. Wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa tsakanin 250,000 da 500,000 aka yi wa fyaɗe, da yawa suka kamu da ƙanjamau.

To amma wai kuka kaɗai mata suka yi? Ina! Pauline Nyiramasuhuko ita ce ministar harkokin iyali da mata a lokacin, wato wadda aka damƙa wa amanarsu. A 2011 kotun duniya da ke Arusha ta same ta da laifin kisan ƙare dangi a yankin Butare, har da tunzura a yi wa matan Tutsi fyaɗe, kuma tare da ɗan cikinta aka yanke mata hukunci. Valérie Bemeriki kuwa ba adda ta sa aka san ta ba. Muryarta ce makami a gidan rediyon RTLM, tashar da aka riƙa kiran 'yan Tutsi kyankyasai. Ɗaurin rai da rai aka yi mata a 2009. Ga kuma 'yan zuhudu biyu mata na yankin Sovu, da kotun Beljiyam ta ɗaure a 2001 saboda hannunsu a kisan waɗanda suka fake wurinsu. Ina "baki ne kawai" a nan?

Amma akwai mata masu halin kirki. Zula Karuhimbi ta ɓoye mutane a gidanta, tana razana makasa da cewa ita mayya ce. 

Don haka, uwa, ki kula da sunan da kike kiran maƙwabtanki a gaban yara, domin a tsakar gida yaro ke fara koyon wa ake ƙi. Saƙon da ya ce "ku yaɗa kafin su gama da mu," ki goge shi, ki kira wadda ta turo ki tambaye ta inda ta samo. In an tashi zagin wata ƙabila a gidan biki ko wurin kitso, ki kawar da zancen, in ya ƙi ki ɗauki mayafinki. Ranar da gari ya yamutse aka tambaye ki gidan da wane ya shiga, ki ce ba ki gani ba.