Ƙwayar da Ba Magani Cikinta, da Ƙarfin Damtse

Da kaka ta yi a ƙasar Gwarzo da Kabo, sai samari su koma ga dambe da kokawa, wasu kuma su cika gwangwanaye da siminti, su zura musu bututun ƙarfe, su riƙa ɗagawa. Da yawansu ba su fita sai sun kurɓi tsimi ko sun haɗiyi wata ƙwaya daga kemis wadda aka ce tana ƙara ƙarfi. In aka tambaye su, za su rantse sun ga aikinta. Mai yiwuwa gaskiya suke faɗa. Abin tambaya shi ne: ƙwayar ce ta yi aikin, ko kuwa yarda da ita?

Masana suna kiran wannan al'amari filasibo, wato canjin da jiki ke yi saboda mutum ya sakankance ya sha magani, alhali fanko aka ba shi.

A 1972, Ariel da Saville a Amurka suka ba wasu masu ɗaga ƙarfe su 6 irin wannan ƙwaya, aka ce musu Dianabol ce, mai gina tsoka. Cikin mako 4 suka ƙaru fiye da yadda suka ƙaru a makonnin horon da suka gabata. Binciken da Maganaris da abokan aikinsa suka buga a 2000 ya fi wannan ban mamaki. Gwanaye 11 aka ba sakarin, abin zaƙin nan, da sunan maganin ƙarfi mai aiki nan take, sai nauyin da suke ɗagawa ya ƙaru da kimanin kashi 4 cikin 100. Da aka sake gwaji, aka tona wa wasunsu asiri, sai ƙarin nan ya gushe, sauran kuwa suka riƙe nasu.

Tsoka dai ba ta girma a yini guda. Amma ƙwaƙwalwa ce ke aika mata umarni ta jijiyoyi, ita ce kuma ke sa mutum ya ji ya gaji ya ajiye ƙarfe tun tsokar na da saura. Wanda ya yarda ƙarfi ya zo masa yakan jure zogi, ya daina shakkar nauyi, ya ƙara yunƙuri. Wato nasa ne ya fito da shi.

Wannan ba ya nufin duk abin da ake sha fanko ne. Kiriyatin da kafeyin sun tabbatar da amfaninsu a gwaji mai kyau, inda mai sha da mai aunawa duka ba su san wanda aka ba na gaske ba. Tiramadol kuwa ɓoye ciwo kawai yake yi, ga kamu, ga farfaɗiya in an zarce ƙima. Saurayin da ya fara da shi don ya ka da abokin karawa a fage, yakan wayi gari ba ya iya zuwa gona sai ya sha.