Gona Ta Zama Fuloti: Ina Kano Za Ta Tsaya?

Shirinmu na musamman na yau zai leƙa bayan gari ne, inda gonaki ke komawa fulotai. Duk wanda ya bi hanyar Zariya, ko ta Katsina, ko ta Gwarzo, ya san abin da ake nufi. Inda a da dawa da gero ke rufe mutum da damina, yau sai turaku da katangun bulo, wasu ma babu ko ɗaki ɗaya a cikinsu. Ba muna cewa kada gari ya faɗaɗa ba. Abin da muke cewa shi ne, yanka gona mai albarka a yi manyan fulotai domin gidaje 'yan ƙalilan ita ce hanya mafi tsada da gari zai bi ya girma, kuma ba waɗanda suka ci ribar ne ke biyan tsadar ba.

Mu fara da ƙasar kanta. Gonakin da ke kewaye da Kano ba daji ba ne da aka sare jiya. Masanin nan Michael Mortimore, wanda ya nazarci yankin tun shekarun 1960, ya nuna yadda manoma ke noma gona ɗaya shekara da shekaru ba tare da sun bar ta ta huta ba, kuma ba ta gaji ba. Sirrin shi ne taki. Jakuna na shiga birni da itace, su fito da mangala cike da toka da kashin dabbobi. A bar gawo da ɗorawa da kuka a tsakiyar gona, a haɗa gero da wake da gyaɗa a kunya. Wannan ƙasa aikin hannun kaka da kakanni ce, kuma ranar da aka zuba mata kankare, aikin ya tafi ke nan. Mutanen da suka gina ganuwar Kano sun fahimci haka, shi ya sa suka zagaye har da filayen noma a cikinta, domin gari ya ci abinci ko da an yi masa ƙawanya.

To yaya gona ke tashi daga gona a idon hukuma? Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, ta kuma ba shi ikon ayyana wuri a matsayin yankin birni, da ikon karɓe fili idan an ce don amfanin jama'a ne. Diyyar da dokar ta tanada ta abin da ke kan ƙasa ce, wato amfanin gona da gini, ba darajar da filin zai yi bayan an yanka shi ba. Ke nan sa hannu ɗaya na iya ninka farashin wuri, amma ninkin ya sami wanda ya karɓi takardar mallaka, ba wanda ya yi shekaru yana kai taki ba. A gefe guda kuma ga awon igiya, inda dillalai ke yanka gona ba tare da tsarin hukuma ba, babu hanya mai faɗi, babu magudanar ruwa, babu filin makaranta ko maƙabarta.

Za a ce, ai jama'a ta yi yawa, dole a sami wurin kwana. Gaskiya ne. Ƙidayar 2006 ta ba jihar Kano mutum miliyan 9 da 'yan kai, kuma tun daga lokacin ƙaruwa ake yi. Amma mu yi lissafi. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Idan aka yanka fuloti mai mita 30 kowane gefe, aka cire hanyoyi, da ƙyar a sami gida goma. Magidancin da ke haya a Kurna ko Rijiyar Lemo ba shi zai sayi irin wannan fuloti ba. Mai hali ne zai saya, sau da yawa ya katange ya ajiye yana jiran farashi ya tashi. An rasa gona, ba a kuma rage masu neman muhalli ba. Sannan kowane gida da aka warwatsa can nesa yana buƙatar titi da turken wuta da bututun ruwa, kuma daga aljihun jama'a za a biya. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, mai zama a bayan gari ya san abin da kuɗin adaidaita sahu ke yi wa albashinsa.

Wani kuma zai ce Bahaushe ba ya rayuwa sai da tsakar gida, ba zai hau bene kamar baƙo ba. Wannan hujja ba ta kai ba. Tsoffin unguwannin cikin birni sun tara jama'a masu yawa a ƙaramin wuri, kuma kowane gida da zaurensa da tsakar gidansa da sirrin iyalinsa.

Hujja mafi nauyi ita ce ta manomin kansa. Gonarsa ce, an raba gado ta ƙanƙance, ga aurar da 'ya'ya, ga asibiti, ga dillali da kuɗi a hannu. Babu mai ikon zarginsa, kuma zalunci ne a hana shi sayarwa a bar shi da talauci domin mutanen birni su ci latas mai arha. Amma kuɗin fuloti sau ɗaya ake karɓa, gona kuwa kowace kaka tana bayarwa, kuma da yawa daga masu sayarwa kan ƙare suna ƙwadago a wurin da suka taɓa mallaka. Idan al'umma na son gona ta tsaya gona, to sai ta sa noman ya biya mai yinsa: ruwan rani, hanyar kai kaya kasuwa, da takardar mallaka da za ta kare shi daga ƙwace.

Kiranmu ga gwamnatin jiha da hukumar tsara birane shi ne su shata fadamu da lambuna da burtalai a taswira, su bayyana wa kowa cewa nan ba a gini. A cike kangwaye da filayen da aka katange aka bari a cikin gari kafin a taɓa sabuwar gona. Inda kuma ya zama dole a yanka, a yi fulotai madaidaita, a zauna da masu gonakin da dagatansu tun kafin a kafa turke, kuma manomi ya sami kasonsa a rubuce.