Wane Girman Kwale-kwale Ne Daidai da Kayanka?

Shirinmu na wannan mako ya leƙa bakin kogin Nilu ne, tsakanin Khartum da Omdurman. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, musamman bayan da aka karya gadar Shambat a watan Nuwamba na shekarar, mutane da dama suka koma ƙetare ruwa da kwale-kwale, wanda a can ake ce wa markab. To, kai mai tumaki ko mai buhuna, kafin ka yi cinikin fito, ya kamata ka san jirgin da zai ɗauke ka lafiya.

Abu na farko, ka auna kayanka kafin ka dubi jirgi. Ƙa'idar ruwa ɗaya ce: lita ɗaya nauyin kilo ɗaya ce, kuma duk kilon da ka ɗora, sai jirgi ya ture ruwa daidai da shi, ya ƙara nutsewa. Jirgi mai tsawon mita 6 da faɗin mita ɗaya da rabi, in ka zuba masa kamar kilo 600, zai sauka da kusan santimita 10. Amma ƙarami mai tsawon mita 4 da faɗin santimita 80, kilo 200 kacal sun isa su saukar da shi haka. Ka ga buhun suga huɗu ke nan masu kilo hamsin-hamsin. Kuma ka lissafa har da kanka, da yaronka, da matuƙi, da inji, da jarkar mai.

Na biyu, faɗi da tsawo kowanne da aikinsa. Dogon jirgi siriri yana da gudu, yana yanka ruwa, shi ya sa masunta ke son sa. Amma saurin tangaɗi gare shi. Mai faɗi kuwa ba ya sauri, sai dai yana da zama daram. Kai makiyayi, mai faɗin nan shi ne naka. Buhu inda ka ajiye shi nan zai kwana, dabba kuwa ba haka ba. Rago ɗaya ya firgita, sauran su ruga gefe guda, shi ke nan jirgi ya karkace. A ɗaure su, a kwantar da su a tsakiya. Saniya kuma, saboda tsayinta da nauyinta, ba ta ƙaramin kwale-kwale ba ce ko kaɗan.

Na uku, ka dubi ruwan da za ka ƙetare. A Mugran, kusa da tsibirin Tuti, koguna biyu ke haɗuwa, kuma halinsu ba ɗaya ba ne. Bahar Azrak, mai gangarowa daga tafkin Tana na ƙasar Habasha, a watannin Agusta da Satumba yakan cika ya yi ƙarfi, yana tafe da laka da itatuwa. Waɗanda suka ga ambaliyar 1988 da ta 2020 sun san haka. Bahar Abyad kuwa ya fi natsuwa, amma yana da faɗi, musamman wajen madatsar Jabal Auliya da aka gama a 1937, inda iska ke tayar da igiyar ruwa. Jirgin da ya ishe ka da rani, ba lalle ya ishe ka da damina ba.

Ga gwaji mai sauƙi. Bayan an gama lodi, kowa ya zauna, ka sa hannu ka auna daga saman ruwa zuwa bakin jirgi. In bai kai kamu ɗaya cikakke ba, malam, a rage kaya. Lokacin cikar ruwa ma a bar fiye da haka. Sawu biyu ya fi sawun da ba a kai ba.

In saye za ka yi, unguwar Abu Rof a Omdurman ta daɗe da suna wajen sassaƙa jirage da icen sunut, wato bagaruwarmu. Icen yana jure ruwa, amma yana da nauyi, don haka jirgin katako ya riga ya ci wani kaso na ƙarfinsa tun kafin ka ɗora komai. Ka tambayi masassaƙi buhu nawa yake ɗauka, sannan ka rage daga abin da ya faɗa. Filafili ma a zaɓi daidai da zurfin jirgin: gajere zai sa matuƙi ya riƙa sunkuyawa gefe, dogo ainun kuma ya gajiyar da kafaɗa. Ko da akwai inji, kada a tashi ba filafili da abin kwarfe ruwa, don inji na iya mutuwa a tsakiyar kogi.

'Yan'uwanmu Hausawa masunta da suka daɗe a gaɓar Nilu, daga Mai Wurno har Khartum, sun san ruwan nan sosai. In ka sauka wurin da ba ka sani ba, ka nemi dattijo daga cikinsu, ka gaishe shi, ka tambaya. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya tsare hanya, ya kai kowa gida lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.