Shinkafa ita kaɗai ba ta riƙe jiki

A ƙasar Japon, can gabas mai nisa, shinkafa ita ce cimaka ta kullum, kamar hatsi ga mutanen karkara. In ta kwana, ba a zubda ta. Ana soya ta da mai kaɗan, a fasa ƙwai ciki, a yanka ganyen albasa, a sa ɗan nama, a zuba wani baƙin ruwa mai gishiri da ake yi da waken soya. Sunan wannan abinci cahan. Wajen mutanen Sin suka koyo shi. Naman alade suka fi sawa, amma ana yi da kaza ko da kifi.

Mi ke cikin kwano guda? Shinkafa da mai suna ba da ƙarfin aiki. Ƙwai da nama su ke gina jiki: ƙwai guda yana da giram 6 na abin da ke gina tsoka. Ganye kuwa yana kawo bitamin.

Farar shinkafa tsura tana cika ciki, amma bitamin B1 ɗinta yana tafiya da dusa wajen surfe. Mutanen Japon sun ga wannan da idonsu. A shekara ta 1883, wani jirgin ruwa na sojojinsu ya komo gida bayan doguwar tafiya. Mutum 376 ke ciki, yawancin cimakarsu farar shinkafa. Mutum 169 suka kamu da ciwon da suke ce ma kakke: ƙafafu su mutu, jiki ya kumbura, zuciya ta gaji. 25 suka rasu. Wani likita, Takaki Kanehiro, ya ce laifin abinci ne. A 1884 aka aika wani jirgi ta wannan hanya, aka ƙara ma sojoji nama da madara da ganye. Mutum 14 kaɗai suka kamu, ba wanda ya rasu.

Cahan yana da nashi aibi, shi ne gishiri. Hukumar lafiya ta duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, wato ƙaramin cokali guda. Kwanon cahan na gidan abinci yana iya cinye rabin wannan. Mai hawan jini sai ya yi hattara.

Kuma dafaffar shinkafa da ta daɗe cikin zafi tana sa amai da zawo, ko an sake soya ta. Can Japon cikin firiji take kwana.