Ran Uwa ko Lafiyarta: Gardamar Amurka a kan Zubar da Cikin da Ya Girma

A wannan fitowa za mu leƙa ƙasar Amurka, inda alƙalai da ƴan majalisa suka daɗe suna kai ruwa rana a kan kalmomi biyu da mai saurare zai zaci ɗaya ne: ran uwa da lafiyar uwa.

Tushen gardamar wata hanya ce ta zubar da ciki da wasu likitoci ke bi idan ciki ya kai wajen wata biyar, inda ake jawo mafi yawan jikin ɗan tayi waje kafin a yanke rayuwarsa. Zubar da ciki daga mako 21 zuwa sama bai wuce kusan kashi 1 cikin 100 na wanda ake yi a ƙasar ba, amma shi ya fi tayar da ƙura. A 1996 da 1997 majalisar tarayya ta zartar da dokar hana wannan hanya, Shugaba Bill Clinton ya ƙi sa hannu, yana mai cewa ba a yi togaciya domin lafiyar uwa ba. A 2000 kuma Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta soke irin wannan doka ta Jihar Nebaraska, kuma rashin wannan togaciya na cikin manyan dalilanta.

Majalisa ba ta ja da baya ba. A ranar 5 ga Nuwamba 2003 Shugaba George W. Bush ya sa hannu a sabuwar doka: likitan da ya bi hanyar zai iya shan ɗaurin shekara biyu, mace kuwa ba a hukunta ta. An yi togaciya idan ran uwa na cikin haɗari, aka bar lafiya waje da gangan, bisa hujjar cewa babu ciwon da ke tilasta bin wannan hanya. Ƙungiyar likitocin mata da haihuwa ta ƙasar ta musanta haka. A Afrilu 2007 kotu ta tabbatar da dokar, 5 da 4. Abin lura shi ne ilmin likitanci bai sake ba a shekara bakwai ɗin nan. Sauyin kujera ɗaya ne ya juya rinjayen, domin Samuel Alito ya gaji Sandra Day O'Connor a 2006.

To, me ya sa ake gudun kalmar lafiya? Tun 1973, a shari'ar Doe da Bolton, kotu ta faɗaɗa ma'anarta har ta haɗa da yanayin jiki, da na zuciya, da halin iyali, da shekarun mace. Masu kare ɗan tayi suka ce ƙofa mai wannan faɗi kowa zai shige ta, kuma tsoronsu ba na banza ba ne. Sai dai mu a ganinmu tsoron likita ma yana da nauyi. Hawan jini mai kai ga jijjiga, ko fashewar faya tun ɗa bai isa rayuwa ba, ko zubar jini, ba su sanar da sa'ar da suke tashi daga lalata ƙoda ko mahaifa zuwa ɗaukar rai. Idan doka ta ce sai rai kaɗai, likita mai gudun kurkuku yakan jira har mace ta kai gargara.

Malamanmu ma sun fuskanci wannan iyaka. A 1990 majalisar fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami a Makka ta ba da fatawa cewa bayan kwana 120 ba a zubar da ciki ko da ɗan yana da tawaya, sai in kwamitin amintattun likitoci ya tabbatar da haɗari ga ran uwa. A nan ma rai aka ambata, aka ɗora nauyin tantancewa a kan likitoci da yawa maimakon ɗaya.

A Yuni 2022 Kotun Ƙolin Amurka ta rushe hukuncin Roe na 1973, ta mayar da al'amarin hannun jihohi, sai tsohuwar tambayar ta dawo da ƙarfinta. Teksas ta hana zubar da ciki sai in akwai ciwo mai barazana ga rai ko ga wani babban aikin jiki. Mata da dama suka kai ƙara cewa an jinkirta ceto su saboda likitoci ba su san inda iyakar take ba. A 2025 majalisar jihar ta yi gyara, ta bayyana cewa likita ba sai ya jira haɗarin ya ƙarato ba kafin ya sa hannu.