Hannun da Bai Dawo Ba: Fasto Wuye da Imam Ashafa

Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirinmu na wannan mako, domin waɗanda iska ta hana su kama tasha da kyau, da masu son su sake bi a tsanake.

Tambayar da muka ɗauko ita ce: mutumin da aka naƙasa, yaya yake yi da son ramuwa? Ka san wanda aka zaga yana iya mantawa, wanda aka ci dukiyarsa yana iya samun wata. Amma wanda aka sare wa hannu, kullum safiya in ya zo sa riga ko ɗaure takalmi sai jikinsa ya tuna masa. Shi ya sa muka koma Kaduna, kan labarin mutum biyu da wasunku suka sani.

A shekarar 1992 rikici ya ɓarke a Zangon Kataf, kudancin jihar Kaduna, kan batun sauya wa kasuwa matsuguni. A watan Mayu wutar ta ƙara ruruwa har ta kai cikin garin Kaduna, ta koma faɗan Musulmi da Kirista. James Wuye a lokacin jagora ne cikin matasan Kirista masu shirin faɗa, Muhammad Ashafa kuma jagora ne a ɓangaren matasan Musulmi. Wuye ya rasa hannunsa na dama a wannan faɗa. Ashafa ya rasa malaminsa, wani dattijo, da 'yan'uwansa biyu. To ka ga a nan ba a iya raba wanda aka cuta da wanda ya yi cuta da wuƙa ɗaya. Kowannensu an yi masa, kuma yaran kowannensu sun yi.

Sai a 1995 suka haɗu ido da ido a wani taro a Kaduna, inda wani ɗan jarida da ya san su duka biyun ya haɗa hannayensu, ya ce su zauna su yi magana. Aka gaisa. Da fim ne, da nan za a sa kiɗa a rufe. Amma abin da ya biyo baya shi ne ainihin darasin shirin.

Wuye da bakinsa ya sha faɗa cewa ya yi kusan shekara 3 yana aiki da Ashafa amma zuciyarsa ba ta sauka ba. Sukan yi tafiya tare, su kwana ɗaki ɗaya a masauki, Ashafa na barci, shi kuwa yana kallon matashin kai yana raya wa ransa ya danne masa fuska da shi. Ka tsaya ka duba wannan da kyau, mai karatu. Ana cin abinci tare, ana tsayawa gaban jama'a ana kiran zaman lafiya, amma ramuwa tana kwance a ƙasa kamar garwashi cikin toka. Mu a nan ɗakin shiri muna ganin wannan furuci ya fi duk lambobin yabon da aka ba su daraja, domin ya nuna sulhun baki daban, na zuciya daban, kuma na farko yana iya riga na biyu da shekaru.

To me ya karya ta? Ba hujja ba ce aka kayar da wani da ita. A ɓangaren Ashafa, huɗubar Juma'a ce ya saurara, limamin ya kawo labarin Ɗa'ifa, inda aka jejjefi Manzon Allah (SAW) har ya zub da jini, aka ba shi damar a hallaka mutanen garin, ya ƙi. Ashafa ya ce ya yi kuka a ranar. A ɓangaren Wuye kuwa, wani babban fasto ne ya gaya masa cewa ba a wa'azin Almasihu da ƙiyayya a zuci. Kowa daga cikin gidansa maganin ya fito masa, ba wanda ya bar addininsa ko ya rage shi don ya gamsar da ɗan'uwansa.

Akwai kuma abin da ba a kan mumbari aka yi shi ba. Lokacin da mahaifiyar Wuye ta kwanta rashin lafiya, Ashafa ya je asibiti dubiya. Dubiya fa, abin da kowa ke yi wa maƙwabci. Amma ga wanda ya saba ganin mutum a matsayin shugaban waɗanda suka raba shi da hannu, ganinsa a bakin gadon uwa abu ne mai wuyar ajiyewa a gefe.

Daga nan suka ci gaba da cibiyar sasanci tsakanin addinai da suka kafa a Kaduna. A watan Agusta na 2002 shugabannin addini 22, rabi Musulmi rabi Kirista, suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna. Kada mu yi maka ƙarin gishiri: a watan Nuwamba na wannan shekarar aka sake zubar da jini a garin kan gasar sarauniyar kyau ta duniya. Ba su fasa ba. Sun shiga tsakani a Yelwa da Shendam ta jihar Filato bayan kashe-kashen 2004, sun kuma je Kenya bayan rikicin zaɓen da ya faro a ƙarshen 2007. A 2009 Gidauniyar Chirac ta Faransa ta ba su lambar yabo ta hana rikici.

Har yanzu hannun roba ne a damar Fasto Wuye, kuma malamin Ashafa yana kabari.

Kai da ke Maraɗi ko Garwa ko Kumasi, in a unguwarku akwai wanda ya taɓa zama da mutumin da ya yi masa illa a jiki, aiko mana da yadda aka yi, ba sai ka ambaci suna ba. Za mu karanta wasu daga cikin saƙonnin a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.